Bishiyar Gidan Maigari

"Riƙe min gehen ga, Inna Ma'u, kar ta taɓa ƙasa."

Na ajiye ludayin kunun da nake ba Inna Amariya, na kama gefen ledar da Ridwan ya miƙo mini. Irin ledar nan ce mai kauri da 'yan siyasa ke buga hotunansu a kai. Jega ya kai aka buga masa ita, kuma tsawonta ya fi ƙarfin ɗakin. Muka ɗaure kusurwa ɗaya a ƙusar da ake rataye faifai, ɗayar a jikin ƙyauren taga, duk da haka gindinta na jan ƙasa. Ga wari kamar na sabon takalmin roba. Na ce masa nan fa ɗakin marar lafiya ne, ba filin kamfe ba.

"Ai don ita nik kawo ta," in ji shi yana dariya. "Inna, ga bishiyar gidanmu nan, tun daga Maigari Abdulƙadir har Khalil."

Inna Amariya ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. Yanar ido ta riga ta cinye mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa. Ƙafafunta sun kumbura har fatar na sheƙi, kuma tun da asibiti suka ce a maido ta gida a ci gaba da addu'a, kowa ya san abin da ake jira. Ni ce mai jinyar. Darni ɗaya ya raba gidana da nata a nan Maiyama, ba ta da ɗa ba ta da jika, to wa zai yi in ban yi ba? Ban ce ina yi ba tsaki ba. Tsohuwa ce mai tsirfa, kunu in ya yi kauri ta ce tuwo ne, in ya yi ruwa ta ce wankin kwano na ba ta. Aurenta uku, shi ya sa har ta tsufa sunan Amariya bai sake ta ba.

A ƙarshen gadon Umaima ce zaune, matar Ridwan, tana shafa wa tsohuwar man kaɗe a ƙafa. Ɗansu Khalil, ɗan shekara huɗu, ya shige bayan ledar yana tokararta da kai.

Ridwan aikin jinyar tsofaffi yake yi a ƙasar Ailan. Ni da farko na ɗauka wata unguwa ce a Ingila, sai ya ce mini in na faɗi haka a can za a kore ni. Gidan da yake aikin, in ji shi, tsohon gidan wasu masu sarauta ne, kuma a bangon zaurensu akwai zanen zuriyarsu kaf: wannan reshen shi ya gaji sarauta, wancan ya yi rigima da yayansa ya tashi ya kafa nasa gidan, wancan kuma ya ƙare a kan 'ya'ya mata aka rufe shi. Wani tsoho daga cikin waɗanda yake jinya jinin gidan ne, kullum sai ya sa an tura shi a kekensa gaban zanen, ya ɗora yatsa a kan sunansa. Abin ya shiga ran Ridwan. Ya ce su ma ai suna da asali, me zai hana a zana? Ya yi wata da watanni yana damun dattawa a waya, wa ya haifi wane, wa ya auri wance. Yanzu ya zo hutu da abubuwa biyu: ledar nan, da takardun tafiya da Umaima da Khalil can wurinsa. An riga an ɗinka wa yaron rigunan sanyi.

Asalin kuwa suna da shi, ba zan tauye su ba. Maigari Abdulƙadir ya yi sarautar wani ƙauye da ke bayan fadama, ya bar 'ya'ya maza biyu, Alu da Yaro. Da ya rasu aka naɗa Alu, Yaro ya ce shi ne babba, uwar Alu ce kawai ta fi tasa gata. Ƙauyen ma ya watse tuntuni, kowa ya dawo Maiyama, rawanin ya zama tarihi, amma gabar ba ta watse ba. Gidan Alu da Gidan Yaro suna kallon juna, lungu ɗaya a tsakani, sun yi shekaru ba gaisuwa, ba aron turmi, ko gawa aka ɗauko sai dai kowa ya yi salla a nasa gefen sahun. Auren Ridwan na Gidan Alu da Umaima ta Gidan Yaro shi ya kashe wutar. Ranar ɗaurin auren na ga dattawa masu furfura suna share hawaye da bakin rawani. Saboda haka a kan ledar, rassan nan biyu da suka rabu tun daga sama sun lanƙwaso sun haɗu a ƙasa, an sa jan layi a tsakani, an rubuta Khalil da manyan baƙaƙe.

"To ni ba ni gani," in ji Inna Amariya. "Karanta min, ɗana, in ji ko ka yi ƙarya."

Ɗana take ce masa, kuma da gaskiyarta. Shekarar sanƙarau, wadda ta kwashi mutane a ƙasar nan, Inna Amariya ta rasa mijinta na farko da jaririnta a mako guda. A daidai lokacin uwar Ridwan ta kwanta, aka ɗauko shi yana jinjiri aka kawo mata tana cikin takaba, ta shayar da shi har uwarsa ta miƙe. Wannan kowa ya sani. Da ta fita takaba danginta suka tafi da ita Yawuri, can ta yi sauran aurarrakinta, ba ta dawo ba sai 'yan shekarun nan, ta tarar da ɗan nata har ya yi aure ya haihu.

Ridwan ya gyara murya ya soma. Yana faɗa tana gyaɗa kai, wani lokacin ta tare shi. Da ya ambaci wani kakansa ta ce wannan ai rowa ce ta kashe shi. Da ya zo kan wata gwaggonsa ta ce Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa dafa wake ya nuna ba. Muka yi ta dariya, har na ce a raina yau tsohuwa ta samu sauƙi. Ya gama da Gidan Alu ya tsallaka Gidan Yaro.

"Yaro ya haihi Garba da Malami. Malami ya auri Amatullahi ta Aliero, sunka haihi Umaima."

"Ka yi kure," in ji ta. "Umaima ɗiyar Garba ta."

"Baba Garba riƙon ta yay yi, Inna. Can ma inda ni ka aiki, zamanin dauri masu sarautarsu suna ba da ɗiyansu riƙo, amma bisa zane kowane ɗa ƙarƙashin wanda yah haihe shi a ka aza shi. Shi na nib bi."

Abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma duk unguwa an sani, ba a dai faɗa ne. Malami da matarsa sun rasu tun Umaima tana tsumma, Garba da matarsa suka ɗauke ta. A wurinmu, in mutum ya riƙi maraya ya zama nasa, rashin kunya ne ka buɗe baki ka ce ba shi ya haife shi ba. Ni kaina, da aka kawo ni unguwar nan daga Birnin Malam, na daɗe ina ce mata 'yar Garba kafin wata ta raɗa mini a kunne. Ba wanda ya ga dalilin raɗa wa tsohuwar da ta dawo daga Yawuri.

Sai na ga hannun Inna Amariya ya kama bakin zanen gado yana murɗawa.

"Wace Amatullahi?"

"Ta Aliero, Inna. Ɗiyar masu albasa."

"Hwara, mai wushirya?"

Umaima ta ɗago kai. "Hakanan a ka ce min. Ni ban san ta ba."

"Jinjirar Amatullahi ta mutu," in ji tsohuwar, muryarta ta canza. "Ina cikin takaba anka ce min an kai su Aliero, uwa ta tahi, ɗiya ta bi ta."

"Uwar ɗai tar rasu," in ji Ridwan. "Kakarta tar riƙe ta can har anka yaye ta da kunu, kana Baba Garba yaɗ ɗauko ta."

Matar da sai mun taru biyu muke tayar da ita zaune, sai ga ta ta yunƙura ta tashi da kanta. Ta miƙa hannu cikin iska tana lalube.

"Ba ni hannunki. Na hagu."

Umaima ta goge man kaɗen a zanenta ta miƙa mata, tana murmushi, ta ɗauka irin rigimar tsofaffi ce. Inna Amariya ta bi tafin hannun da yatsunta har gefen ƙaramin yatsa, ta tsaya a nan. Akwai wani ɗan ƙulli a wurin kamar ƙwayar dawa. Ta shafa shi, ta sake shafawa. Sai ta saki hannun kamar ta taɓa garwashi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da cindo anka haihe ki, yatsa na shida. Ni niɗ ɗaure miki shi da zaren bakin zanena, bisa cinyata, cikin ɗakin ga."

Ni dai ban gama fahimta ba tukuna.

Ta ba da labarin a gutsuttsure, tana haki. Amatullahi ta haihu cikin annobar, zazzaɓi ya kama ta, nono ya ƙafe tun ba a yi suna ba. Jaririya na ta tsala kuka. Duk lungun mace ɗaya ce mai nono, ita ce Amariya, ga shi kuma tana shayar da ɗan Gidan Alu. Da mazan Gidan Yaro sun ji an kai jininsu can, da sun gwammace yarinyar ta mutu. Sai Amatullahi ta riƙa fakar tsakar rana, lokacin da zafi ya kwantar da kowa, ta ratso ta ɓarakar darnin baya da jaririyar a cikin mayafi. Ta roƙe ta don Allah kada ta gaya wa kowa. Ta yi kwanaki tana zuwa, sannan ciwon ya kayar da ita aka kwashe su zuwa Aliero.

"Shi ga dama, ke ga hagu," in ji Inna Amariya. "Tare kunka sha. Har ki ƙoshi ki yi kwana bisa ƙirjina, shi ko shina ta shurin ki."

Na dubi Ridwan. Bakinsa a buɗe, yatsansa har yanzu yana kan ledar, daidai sunan Malami. Duk wanda ya yi ko ɗan karatun addini ya san abin da wannan ke nufi. Waɗanda suka sha nono ɗaya wa da ƙanwa ne, aure bai halatta a tsakaninsu ba. Shekara shida suna tare, ga ɗa yana wasa a bayan leda.

"Inna, ciwo na," in ji shi a hankali. "Maganin da a ka ba ki shina sa ruɗewa. Na san shi, aikina na."

"Ɗana, da ruɗewa ta, da na gode Allah."

Umaima ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta zauna tana kallon gefen hannunta kamar yau aka manna mata shi. Can ta tashi, ta janyo Khalil daga bayan ledar, ta saɓa shi a kafaɗa, ta fita ba takalmi. Ridwan ya bi ta yana kiran sunanta. Aka bar ni da tsohuwa da kunun da ya huce, da wannan tabkekiyar bishiya tana kaɗawa a kanmu.

Kafin la'asar magana ta gama lungu. Ba ni na fitar da ita ba, ko da yake an ce ni ce. Washegari da hantsi dattawan gidajen biyu suka taru a zauren Inna Amariya, suka kira liman, Malam Ubaidullah. Ni ina tsakar gida ina wankin zannuwanta, kuma na matso da bahon kusa da bangon zauren, don ba zan yi wanki a gidan a yanke hukunci a kansa ban ji ba.

Garba ne ya fi kowa ɗaga murya. Tsoho ne dogo mai zafin rai, kuma in aka yi adalci, shi ya ci wahalar yarinyar.

"Ɗiyata ta! Ni nir riƙe ta, ni nib ba da aurenta. Tsohuwar da ba ta san dare da rana ba za ta tashi ta kashe muna gida? Kuma kai," na ji ya juya kan Ridwan, "wa yas sa ka? Wa yac ce ka cire ta ƙarƙashina ka kai ta ƙarƙashin matacce? Da ka bar ta inda Allah ya aje ta, da mun ji wagga magana?"

Wani baffan Ridwan ya ce ai dama mutanen Gidan Yaro ba su taɓa yin abu a fili ba, komai nasu ta bayan darni. Garba ya ce a maimaita. Na ji tabarma ta motsa, na ce shi ke nan, an koma gidan jiya.

Liman ya tsawatar musu. Ya ce abin da ya sani a littafi shi ne, bayan an ɗaura aure, shaidar mace ɗaya a kan shayarwa ba ta raba shi. Sai an samu wani ya ƙarfafa ta, kuma duk wanda zai iya ƙarfafa ta yana ƙasa. Ya ce Khalil ɗan halas ne ko ta wane hali, kada wanda ya kuskura ya taɓa yaron da baki. Zauren ya ɗauki ajiyar zuciya. Sai ya ƙara da cewa, amma malamai sun so wanda zuciyarsa ta gaskata maganar ya nisanci abin, kuma wannan ba liman ke yanke shi ba, ba dattawa ba, su biyun ne.

Dattawa rabin farko kawai suka ji. Suka tashi suna alhamdulillahi, Garba har da cewa a tafi da yarinya da wuri, can ba mai yi mata surutu. Ba wanda ya leƙa ya ce wa marar lafiyar sannu. Wannan ya ƙona mini rai, na bi bayansu da harara har suka sha kwana.

Ridwan kaɗai ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, idanunsa jajir, bai ƙarasa ciki ba.

"Inna Ma'u, kin ji abin da Malam yac ce. Aure na nan. Ki yi mata magana, tana jin maganarki. Tun jiya ta koma gidan Baba Garba, ko ruwa ba ta ba ni ba."

Na ce masa zan gwada. Ban gwada ba, don ban san me zan ce mata ba. In ce tsohuwa ƙarya take yi? Ina wurin lokacin da makauniya ta tafi kai tsaye ga ƙullin da ni mai ido ban taɓa lura da shi ba.

Daga ranar Inna Amariya ta daina tsirfa. Kowane irin kunu na kawo sai ta kurɓa sau ɗaya ta kau da kai, har na riƙa jin kewar faɗanta. Ta sa na kwance ledar, ta ce motsinta na hana ta barci. Na naɗe ta na jingine a bayan ƙofa.

Ranar da za ta bar duniya, da safe ina goge mata jiki, ta kama wuyan hannuna.

"Ma'u, da na yi kurum ko?"

A raina ina jin haushinta, ina jin haushin Ridwan da bishiyarsa, ina jin haushin Alu da Yaro da suka mutu suka bar mutane da gabar rawanin ƙauyen da babu shi. Na ce mata ban sani ba, Inna.

"Jinjirar kuka ta kai," in ji ta. "Muryarta hat ta dishe. Ga nono na zuba min bisa zane, nawa ɗan na cikin ƙasa. Ke da kin hana ta?"

Na ce da ban hana ta ba.

"To." Ta saki hannuna. "Kira min Umaima. In ta ƙiya, kar ki matsa mata."

Ba ta ƙi ba. Na tarar da ita a tsakar gidan Garba tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa, ina faɗa mata ta ajiye faifan ta biyo ni. Ta rame a 'yan kwanakin nan kamar wadda ta tashi daga jinya. Ta zauna a bakin gadon, wannan karon ta wajen kai. Inna Amariya ta soma neman gafara, Umaima ta ɗora mata hannu a baki.

"Ba ki yi min komi ba sai alheri. Amma ki gaya min, Inna. Uwata, yaya take? Ba wanda yat taɓa ba ni labarinta."

Sai tsohuwar ta shiga ba ta. Ta ce Amatullahi gajera ce mai saurin tafiya, in ta yi dariya sai ta rufe baki da mayafi saboda wushiryar. Ta ce in ta kawo jaririyar ba ta zama, a bakin ƙofa take tsugunawa tana leƙen hanya, jikinta na rawar zazzaɓi. Ta ce ranar ƙarshe ta zo da albasa manya guda biyu a ƙulle a bakin zane, ta ce ba ta da abin ba ta sai wannan. Umaima tana ji hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Muryar tsohuwar ta yi ta yin ƙasa. A waje masu babur suna ta wucewa da buhunan albasa, wani yaro na tallan rake. Na ga numfashin ya soma tsallake, na matso ina laƙƙana mata kalmar shahada, ta karɓa sau ɗaya a fili. Kafin a kira azahar rai ya yi halinsa, hannunta na cikin hannun hagun Umaima.

Na taɓa ganin mutuwa ba sau ɗaya ba, amma wannan ta girgiza ni. Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata, ni da na yi ta yi mata tsaki.

Da matan unguwa suka taru aka soma neman wanda zai yi mata wanka, tunda ba ta da kowa. Na tashi zan ɗaura zane, sai Umaima ta riga ni ɗaukar butar. Matar Garba ta riƙo mayafinta.

"Ke ina ruwanki? Bari manya su yi."

"Uwata ta," in ji Umaima. "Inna Ma'u ta nuna min yadda a ka yi."

Matar Garba ta saki mayafin. Ni na riƙa zuba ruwa, ita tana wankewa, a hankali, kamar mai wankan jariri.

Ridwan ne ya shiga kabarin ya karɓe ta, haka maza suka ba mu labari. Bayan sadakar uku ya yi ta zarya gidan Garba. Ya kai liman, ya kai baffanninsa, har ya yi waya can wurin aikinsa aka ƙara masa kwanaki. Umaima ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba. Tana gaishe shi, tana aika masa abinci, tana barin Khalil ya kwana wurinsa. Mutanen lungu suka kasu biyu, masu cewa za ta bi shi da masu cewa ba za ta ba, ni kuwa da na ga an fito da babban akwatinta an shanya a rana, na ce to, ta haƙura.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a kan Umaima. Yarinya ce mai alkunya irin ta mutanen da. Tun ranar da aka kai ta ɗaki, sunan mijinta bai sake fitowa daga bakinta ba. Kafin ta haihu Malam take ce masa, bayan ta haihu ya koma Abban Khalil. Akwai wani Ridwan mai cajin waya a bakin titi, shi ma sai dai ta ce mai sunan Malam. Mun sha tsokanarta a gidan biki, mu ce sai ta faɗa, ta rufe fuska ta gudu.

Ranar tafiya da sassafe motar da Ridwan ya ɗauko shata ta tsaya a bakin lungu, za ta kai su Jega su kama hanya. Gidan Alu sun fito, Gidan Yaro sun fito, kowa a ƙofar gidansa. Ni ina tsaye a ƙofar Inna Amariya da tsintsiya. Wani ƙanen Umaima ya fito da akwatin a ka, ya sa a bayan mota. Na ga fuskar Ridwan ta saki, har ya buɗe ƙofar baya ya riƙe.

Sai ga Umaima ta fito riƙe da hannun Khalil. Zanen gida ne a jikinta, da silifas. Ta tsaya a tsakiyar lungun, daidai rabin hanya tsakanin ƙofofin biyu.

"Na sa maka gabu da yaji da daddawa cikin akwatin," in ji ta. "Kilishin na can ƙasa, kar ka bari shi yi raɓa. In yaro ya ƙara wayo ka zo ka ɗauke shi hutu."

"Umaima, Malam ya ce..."

"Na ji abin da Malam yac ce." Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban mutane ba. "Allah shi tsare hanya, Ridwan."

Wata mata a bayana ta ce, "La'ilaha illallahu." Garba ya juya ya shige zaurensa. Ridwan ya tsaya riƙe da ƙofar motar kamar an dasa shi, har sai da direban ya leƙo ya ce rana na yi. Ya durƙusa ya rungume Khalil, ya daɗe a haka. Sannan ya rufe ƙofar bayan, ya zagaya ya shiga gaba.

Da motar ta fita lungu kowa ya koma gidansa ba tare da an yi sallama ba. Ni na shiga share ɗakin marigayiya, don dangin mijinta na farko, masu gidan, sun ce za su sa haya. Ledar tana nan a bayan ƙofa inda na jingine ta, bai tambaye ta ba. Ina cikin shara Khalil ya shigo da rigar sanyinsa sabuwa a wannan zafin, ya ce shi dai sai ya sa ta. Ya ja ledar ta faɗi, ta warware har bakin gado. Ya hau kai da ƙafafunsa masu ƙura, ya bi jan layin nan yana taka shi a hankali, hannuwa a buɗe don kada ya faɗi, har ya kai inda ya ƙare, ya zauna a wurin yana ɓare gyaɗa.